Ɗaga daɓen kogon kunci ta ƙaramar kafa kafin dashen haƙori: aikin yana da kyau, amma awon ƙashi ne ke yanke hukunci

Wanda ya rasa turmin sama ya je neman dashe, wato ƙarfen da ake ɗaurawa cikin ƙashi a madadin saiwar haƙori, sau da yawa maganar da yake fara ji bayan an ɗauki hoto ita ce ƙashin wurin bai kai ba. Daga nan sai likita ya kawo zancen ɗaga daɓen kogon kunci. Asibitocin haƙori masu yin dashe, na gida da na waje, yanzu sun fi tallata ƙaramin nau'in wannan aiki, wanda ake yi ta cikin ramin da dashen zai zauna, ba a buɗe gefen muƙamuƙi ba. Tallar takan yi alkawarin ba kumburi, ba jinya, a zama ɗaya an gama. A ganinmu aikin ya cancanci yabon da ake masa, amma a bakin da ya dace da shi kawai. Tsakanin bakin da ya dace da wanda bai dace ba kuwa milimita biyu ne ko uku na ƙashi, abin da mai talla ba ya tsayawa faɗa.

A cikin kowane kunci, tsakanin ƙasan ido da saiwoyin turamen sama, akwai kogo mai iska. A babban mutum yana cin kimanin mililita 15, wato babban cokali ɗaya. An shimfiɗe cikinsa da tantani mai fitar da majina, wanda in yana da lafiya kaurinsa milimita 1 ne ko ƙasa da haka. Wanda ya taɓa ɓare dafaffen ƙwai ya ga 'yar fatar nan da ke manne da ɓawo, to ya kusa ganin irinsa. Ƙofar kogon tana can sama, ta nan yake zubar da majina cikin hanci. Idan aka cire turmi, ƙashin da ke riƙe da shi sai ya fara zaizayewa ta wajen baki, kogon kuma ya riƙa saukowa ta sama. Bayan 'yan shekaru, inda da akwai ƙashi milimita 10, sai a tarar da 4 ko 5, alhali dashen da aka saba sawa tsawonsa milimita 8 zuwa 10 ne. Ga shi kuma ƙashin wannan kusurwa ya fi na ko'ina a baki taushi. To aikin da ake magana a kai shi ne a tura tantanin nan sama ba tare da ya yage ba, a samar da fili a ƙarƙashinsa inda sabon ƙashi zai tsiro ya rungume kan dashen.

Tsohuwar hanya, wadda Hilt Tatum ya fara a Amurka a shekarun 1970, Boyne da James suka wallafa a 1980, ita ce a ɗaye dasashi, a yanka taga a bangon kogon ta wajen kunci, a sa hannu a saɓule tantanin ana kallonsa. Tana ba da ƙarin tsawo har milimita 10 ko fiye. Kuɗinta shi ne kumburin fuska na kwana uku zuwa mako guda, wani lokaci har da taruwar jini a ƙasan ido. A 1994 Robert Summers ya zo da dabarar bi ta saman ƙashi, inda haƙorin yake a da, da waɗansu sandunan ƙarfe da ake bugawa da 'yar guduma. Duk kayan zamani da ake tallatawa yau jikokin wannan dabara ne.

Ga awon da ya kamata mai neman aikin ya riƙe. Idan ƙashin da ya rage milimita 5 ne zuwa 8, ƙaramar hanya ta dace, kuma ana sa dashen a zaman nan. Ƙarin tsawon da ake samu cikin aminci milimita 2 ne zuwa 4. Wanda ya yi maka alkawarin 8 ta wannan 'yar kafa, ka tambaye shi sau nawa ya yi, kuma ya nuna hotunan bayan shekara. Idan ƙashin milimita 4 ne, an shiga gaɓar da sai hannu ya faɗa. Idan ya gaza haka, taga ce ta fi tabbas. Binciken Rosen da abokan aikinsa na 1999 ya nuna inda ƙashi ya kai milimita 5, dashe 96 cikin 100 ko fiye suka zauna; inda yake 4 ko ƙasa, adadin ya sauko wajen 86. Kayan aiki sun inganta tun daga lokacin, amma dalilin bai sauya ba: dashen yana bukatar ƙashin asali da zai kama shi gam tun ranar farko, garin ƙashin da ake zubawa a ƙarƙashin tantani don cike filin ba ya riƙe komai sai bayan watanni. Faɗi ma yana da nasa: dashe mai kaurin milimita 4 yana son ƙashi mai faɗin kamar milimita 6 ko 7.

Saboda haka ma'aunin farko na asibitin kirki shi ne irin hoton da yake ɗauka. Dogon hoton nan na baki gaba ɗaya yana ƙara girman abu, kuma ba ya nuna faɗi. Hoton CBCT, mai nuna ƙashi ta fuska uku, shi ne ke ba da milimita na gaskiya. Shi ne kuma ke tona abubuwa uku da kan ɓata ƙaramin aiki. Akwai katangar ƙashi da ke raba daɓen kogon gida biyu, wadda ake samu a kamar ɗaya cikin kowane kogo huɗu ko uku, kuma tantani yakan manne a kanta ya yage. Akwai daɓe mai gangara, inda gefe ɗaya na ramin zai ɓulla kogo alhali ɗaya gefen bai kai ba. Sai kuma tantani da ya kumbura ko ƙofar da ta toshe. Idan kaurin tantanin ya wuce milimita 4 ko 5, ko hoton ya nuna kogon cike, wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro za a fara zuwa. Asibitin da ya sa maka ranar aiki bai ga wannan hoto ba, ka ɗauki takalminka.

Yadda zaman yake: a kurkure baki da maganin chlorhexidine na minti ɗaya, a yi allurar kashe wurin ta wajen kunci da ta ganɗa. Mutum idonsa biyu, ba a sa shi barci. A tsaga dasashi kaɗan a kan tudun ƙashin, ko a huda shi zagaye in naman wurin yana da yawa. A fara da siririn abin huda mai kaurin milimita 2, a tsaya saura milimita 1 ko 2 a kai daɓe, a ɗauki ƙaramin hoto da ƙarfen awo a cikin ramin don a tabbatar. A faɗaɗa ramin mataki-mataki, amma a bar shi ya ɗan fi dashen ƙanƙanta don ya matse. Daga nan sai wannan milimita na ƙarshe, kuma a kansa ne kayan aiki suka bambanta. Dashe ɗaya yakan ci minti 45 zuwa awa ɗaya.

Sandar Summers da guduma ita ce mafi arha, kuma tana da tarihin nasara mai tsawo. Ana buga ta a hankali har daɓen ya ɓalle ya ɗagu kamar murfi, likita yana sauraron sauyin amo. Tana kuma danne ƙashi mai taushi ya ƙara ƙarfi. Aibinta majinyaci ne ke jinsa: ba zafi, amma kowane bugu yana amsawa a cikin ƙoƙon kai, kuma mutane ba sa mantawa da shi. Wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, bugun tare da ɗage kai baya na tsawon lokaci yakan gusar da 'yan ƙwayoyin da ke cikin kunne, mutum ya tashi da hajijiya, musamman in ya juya a kan gado. Yana warkewa, sau da yawa da wata dabarar jujjuya kai da ake kira ta Epley, amma wanda dama yake fama da jiri ya faɗa tun kafin a fara. Idan daɓen mai tauri ne, yawan bugu na iya sa sandar ta zarce farat ɗaya ta huda tantani.

Akwatin CAS na kamfanin Osstem na Koriya ta Kudu, da makamantansa, sun kawar da guduma. Abin hudarsu kansa a dunƙule yake, an yi shi ya ci ƙashi ya bar 'yar fala-fala a gabansa tana kare tantani. Kowane zurfi yana da zoben tsayarwa mai launinsa, daga milimita 2 zuwa 12, ana ƙarawa ɗaya-ɗaya, don haka hannu ba zai zarce ba ko da ya so. Da an ɓulla sai a toshe bakin ramin da wata roba, a tura ruwan gishiri da sirinji kaɗan-kaɗan, ana turawa ana ja, jimilla bai cika wuce mililita 1 ba. Ruwa yana danna tantani ta ko'ina daidai, ba a wuri ɗaya ba kamar ƙarfe. A ra'ayinmu wannan ce hanyar da ta fi yafe wa hannun da bai gama gogewa ba. Inda take ba da matsala shi ne in bakin ramin ba daidai yake ba, robar ta ƙi toshewa, ruwan ya dawo baki maimakon ya hau. Likita mai gaggawa kuma in ya danna sirinji da ƙarfi, ruwan ma yana yagawa.

Sai kawunan huda na Densah, na kamfanin Versah, wanda Salah Huwais, likitan dasashi a jihar Michigan ta Amurka, ya ƙirƙira. Su ana juya su ne baya-baya, juyi 800 zuwa 1500 a minti, da ruwa mai yawa, ana shiga ana fita. Maimakon su kwaso garin ƙashi waje, sai su danna shi jikin bango da sama, garin ya tura tantani. A ƙashi mai taushi suna ba dashe kamu mai kyau, wannan ba gardama. Amma ƙa'idar masu su ma ta ce kada kan ya wuce daɓe da fiye da milimita 3, kuma in ƙashin 4 ne ko 5 sai an cika ramin da garin ƙashi an tura shi a juyi 150 zuwa 200 ba ruwa. Masu tsallake wannan ƙa'ida su ne ke ɓata wa kayan suna. A siririn ƙashi kuma matsin yana iya tsaga bangon wajen kunci.

Akwai na'urar girgiza ta Piezosurgery daga Italiya, mai cin ƙashi ta bar nama, da kuma 'yar balan-balan da ake hurawa da ruwa a ƙarƙashin tantani. Dukansu suna aiki, sai dai na farko jinkiri, na biyu tsadar kayan da ake yarwa bayan amfani ɗaya.

Babban raunin ƙaramar hanya, ko da wane kaya aka yi ta, shi ne a makance ake yi. Likita ba ya ganin tantanin, da hannu yake ji. Tarin binciken da aka tattara a 2008 ya nuna yagewa kamar sau 4 cikin 100 ta ƙaramar hanya, kusan sau 20 ta taga. Adadin yana da daɗin ji, amma a yi masa adalci: mai taga yana ganin yagewar da idonsa ya ƙirga ta, ya kuma lulluɓe ta nan take, mai ƙaramar kafa kuwa sai wadda ya gano. Gwajin da ake yi shi ne a toshe wa majinyaci hanci a ce ya hura a hankali. In kumfa ta fito ta ramin, ya yage. A hankali ɗin nan da gaske ake nufi, don hurawa da ƙarfi ita kanta tana yagawa. Hoton bayan zuba garin ƙashi shi ma shaida ne: in ya taru ya yi tudu kamar an kifa ƙoƙo a kan dashen, tantani lafiya, in ya warwatsu, ya zube cikin kogo. Idan yagewa ta tabbata, ba a zuba gari ko ƙwaya ɗaya. Ko dai a sa gajeren dashe da ƙashin asali zai riƙe, ko a buɗe taga a gyara, ko a ɗinke a dawo bayan wata biyu zuwa uku. Shi ya sa tambaya mafi amfani ga likita ita ce: in ya yage, za ka iya buɗe taga a zaman nan? Wanda ƙaramar hanya kaɗai ya koya a kwas na kwana biyu ba shi da mafita in abu ya cuɗe.

Abin da ake zubawa ba shi da yawa, kamar kashi ɗaya cikin goma na mililita ga kowane milimita da aka ɗaga, ana sawa loma-loma. In ɗagawar milimita 2 ce ko 3, likitoci a Suwidin da Suwizalan sun nuna ko ba a zuba komai ba, kan dashen yana tokare tantani kamar sandar tanti, jini ya cika wurin ya zama ƙashi. Wasu kan ɗebi jinin majinyaci su juya shi a na'ura su sa gudan da ya fito. In kuwa za a zuba gari, to a tambayi daga ina yake, musamman Musulmi. Bio-Oss na kamfanin Geistlich, wanda ya fi yaɗuwa, ƙashin saniya ne da aka tace. Amma Bio-Oss Collagen an haɗa shi da kashi 10 cikin 100 na sinadarin alade, haka ma tantanin rufi na Bio-Gide daga alade yake, da yawa daga cikin soson tsayar da jini. Akwai garin da ake haɗawa a masana'anta, ba dabba ba mutum, kuma ga ƙaramar ɗagawa yana wadatarwa. Hukuncin shari'a na malamai ne. Na likita shi ne ya nuna maka kwalin kafin ya buɗe.

Abin da ke lalacewa bayan an tashi: ciwon kogo shi ne na gaba, in gari ya shiga ciki ko ƙofar ta toshe da kumburi. Ɗan haɓo a rana ta farko ko ta biyu ba komai ba ne. Amma zafin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, majina mai wari ta kafar hanci ɗaya, zazzaɓi, ƙwayoyi kamar yashi a majina, ko ruwan da aka sha ya fito ta hanci, duk na komawa asibiti ne a ranar, ba na zuwa kemis ba. Mafi muni shi ne dashen ya suɓuce ya faɗa cikin kogo, ko lokacin ɗaurawa ko cikin watannin warkewa. Kusan kullum sanadin ɗaya ne: an sa shi a ƙashin da bai kai ba, bai kama ba. Ana so ma'aunin ƙarfin ɗaure dashen ya nuna kamar 25 zuwa 35. Dashen da ke juyawa fayau a ramin cire shi ake yi, ba addu'a ake masa a rufe ba. In ya faɗa, fitar da shi wata tiyatar ce daban, ta hanci da kyamara ko ta gefen kunci.

Mai mura ko toshewar hanci ya bari ya warke tukuna. Wanda ƙurar hunturu ke tayar masa da atishawa duk shekara, gara ya sa aikin a wani lokaci. Mai ciwon suga ya kawo gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya. Ƙasa da 7 ake so, wanda ya haura 8 ya fara daidaitawa. Mai shan sigari ko shisha ya bari aƙalla mako guda kafin aiki da wata biyu bayansa. Masu shan maganin ƙarfafa ƙashi irin alendronate ko allurar zoledronate, da masu maganin tsinka jini, da wanda aka taɓa gasa wa fuska saboda ciwon daji, dole su faɗa. Haka wanda penisilin ba ya karɓarsa, tunda likitoci da yawa kan ba da amoxicillin giram 2 awa ɗaya kafin aiki. Ciwon dasashi a sauran haƙora kuma shi ake fara magancewa.

Mako biyu na farko dokarsu ɗaya ce: kada iska ta matsa kogon. Ba fyace majina, a goge kawai. Atishawa ta zo, a buɗe baki a sake ta. Ba zuƙar lemo da bututu, ba hura wuta, ba ɗaukar kaya mai nauyi. A alwala, shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne a mazhabar Malikiyya, ba farilla ba, don haka a shafa bakin hanci a wuce. Kurkurar baki ma a bar ta ranar farko, daga baya a yi ta a hankali. In sujada tana sa kunci bugawa a kwana biyun farko, a yi salla a zaune. A kwana da matashi biyu. Kunu da koko su huce kafin a sha, ƙwai, ayaba da tuwo mai laushi a tauna ta ɗaya gefen. Kilishi, rake, aya da goro su jira. Ana cire ɗinki tsakanin kwana 7 zuwa 14. Kada a sa aikin cikin Ramadan in ana da zaɓi, don maganin yana da sa'o'insa.

Masu zuwa Masar, Turkiyya, Indiya ko Dubai su lura da biyu. Yawancin likitoci na so a jinkirta hawa jirgi mako ɗaya zuwa biyu saboda sauyin matsin iska, ciwon kogo kuma in zai zo cikin waɗannan kwanaki yake zuwa, lokacin da tikitin dawowa ya riga ya raba ka da wanda ya yi aikin. Sannan haƙorin da za a ɗora sai bayan wata 4 zuwa 6, wato tafiya biyu ce, ba ɗaya ba. Wanda ya ce zai ɗora maka haƙorin tauna a makon nan a kan dashen da aka ɗaga wa kogo, caca yake yi da kuɗinka.

Wajen farashi, a nemi a rubuta kowane abu daban: hoto, ɗagawa, gari, dashe, mahaɗin dashe da haƙori, da haƙorin da za a ɗora, da kuma wa zai biya in aka koma taga. A kuma tambaya ko gajeren dashe mai milimita 6 zai yi, domin in ƙashi ya kai 6 ko 7 yana iya raba ka da taɓa kogon gaba ɗaya, kuma a turamen sama sakamakonsa na shekara biyar bai yi nisa da na dogon da aka ɗaga wa daɓe ba. Ga wanda ƙashinsa ya kai 5 zuwa 8, kogonsa tas, daɓensa shimfiɗe, mun fi karkata ga ƙaramar hanya da zoben tsayarwa ko kawunan danna ƙashi a kan guduma. Kafin a bar asibiti a karɓi takardar dashen mai ɗauke da sunan kamfani, tsawo, kauri da lambar kwali, tunda kowane kamfani da irin mabuɗinsa, likitan gida ba zai iya kwance abin da bai san na wa ba ne. A karɓi kwafin hoton ranar aiki ma. Tudun garin nan yakan ɗan sauka a shekarar farko, kuma da wannan hoto ne za a auna ko saukar ta al'ada ce.